Me Ya Haɗa Dutsen Kwatarkwashi Da Ƙwaƙwalwar Wayar Salula?

Duk wanda ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau ba zai rasa ganin dutsen Kwatarkwashi ba. Ga shi nan tsaye a gefen hanya, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, ya yi wa garin rumfa. Matasa da yawa kan zaro waya su ɗauki hotonsa ta tagar mota, su ɗora a WhatsApp ko TikTok. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa dutsen da wayar da ta ɗauki hotonsa 'yan gida ɗaya ne. Sinadarin silikon da ke cikin wannan dutse, da wanda ke cikin yashin kogin da ya ratsa Gusau da Bungudu, irinsa ne ake tacewa a ƙera ƙwaƙwalwar waya.

Sanin haka yana da amfani ga aljihu da kuma lafiya. A teburin masu gyaran waya na Gusau, ƙorafe-ƙorafe uku ba sa yankewa: waya tana zafi tana nauyin aiki, gilashi ya yi zane-zane ko ya fashe, batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Yawanci laifin kan faɗa kan kamfani, ko caja, ko mai gyaran da ya taɓa buɗe wayar. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa tushen matsalar yana cikin ɗabi'ar wasu sinadarai da ba ƙarfe ba ne, waɗanda ɗaliban sakandare ke haddace sunayensu don jarrabawa, su manta da su da zarar an fito daga aji.

Gidaje uku a jadawalin sinadarai

Komai da ke duniya an gina shi ne da sinadaran asali. Zuwa yau an san guda 118, an jera su a jadawalin da masanin nan ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya fara tsarawa a 1869. Mafi yawansu ƙarafa ne: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, zinare, azurfa, dalma, alminiyom da sauransu. Ƙarfe yana sheƙi, wuta da zafi suna bi ta cikinsa cikin sauƙi, kuma idan maƙeri ya buga shi da guduma sai ya miƙe ko ya lanƙwashe.

Gida na biyu shi ne na sinadaran da ba ƙarfe ba. Ba su kai 20 ba, amma su ne iskar da ake shaƙa, su ne ruwan sha, su ne mafi yawan jikin ɗan'adam. A yanayin zafin ɗaki, 11 daga cikinsu iska ce, irin su oksijin, naitirojin, haidirojin, kulorin da fulorin. Ɗaya ne kaɗai ruwa, shi ne buromin. Sauran masu tauri ne: kabon, fosforas, seleniyom, aidin, da salfa, wanda Hausawa suka daɗe da sani da sunan farar wuta. Duk wanda ya taɓa riƙe dunƙulen farar wuta ya ga halin gidan nan. Ba ya sheƙin ƙarfe, ba shi da nauyi sosai, wutar lantarki ba ta ratsa shi, kuma idan aka buga shi sai ya dagargaje ya zama gari.

Bambancin ya samo asali ne daga cikin zarra, wato ƙwayar da ta fi ƙanƙanta a kowane sinadari. Kowace zarra tana da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke kewaye ta, ana ce musu ilektiron, kuma tafiyarsu ita ce wutar lantarki. Ƙarfe yana sakin nasa su yi yawo. Wanda ba ƙarfe ba yana riƙe nasa gam, har ma ya ƙwace na maƙwabci ko su yi tarayya a kai. Gishirin miya misali ne: sodiyom, wanda ƙarfe ne, ya ba da ilektiron ɗaya, kulorin ya karɓe. Haka kuma idan ƙarfe ya haɗu da oksijin, abin da ke fitowa yakan ɗauko halin toka ko kanwa, alhali irin su farar wuta da kabon idan suka ƙone aka haɗa hayaƙinsu da ruwa, asid suke bayarwa.

Gida na uku shi ne na 'yan ruwa-biyu, waɗanda littattafan makaranta ke kira metaloyid. Guda shida aka fi lissafawa: boron, silikon, jameniyom, asenik, antimoni da teluriyom. Kamar jemage suke, shi ba tsuntsu ba, shi ba ɓera ba. Dunƙulen silikon yana sheƙi kamar ƙarfe, amma idan ya faɗi sai ya fashe kamar tangaran. Wuta tana bi ta cikinsa, amma kaɗan-kaɗan, kuma ana iya ƙara ta ko rage ta. A kan wannan hali na ƙarshe aka gina duk wata na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Daga farin dutse zuwa ƙwaƙwalwar waya

Idan aka auna ɓawon ƙasar duniya, oksijin ne ya fi yawa, kusan kashi 46 cikin 100 na nauyinsa, sai silikon da kusan kashi 28. Silikon ba ya zama shi kaɗai a ƙasa. Kullum a manne yake da oksijin. Haɗinsu shi ake kira silika, kuma idan ya daskare ya zama farin dutse mai ɗan sheƙi, sai a ce masa kwaz. Duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe cike suke da ƙwayoyinsa. Ruwan sama da zafin rana suna ɓarɓashe dutse a hankali, sauran ma'adinai su ruɓe su zama laka, shi kuwa kwaz ya ƙi ruɓewa, ruwa ya kwashe shi zuwa kogi a matsayin yashi.

Raba silikon da oksijin ba ƙaramin aiki ba ne. Sai a 1824 masani ɗan Suwidin, Jacob Berzelius, ya iya ware shi. A masana'antu, yashin kogi ba ya shiga tanderu kai tsaye saboda dattinsa. Ana zaɓar tsaftataccen kwaz, a haɗa shi da gawayi, a dafa da wutar lantarki a zafin da ya kusa digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos. Kabon ɗin gawayi ya ƙwace oksijin, silikon ya rage. Daga nan a yi ta tace shi har tsarkinsa ya kai kashi 99.9999999 cikin 100, wato gurɓatacciyar zarra ɗaya a cikin biliyan. Sai a narkar da shi a digiri 1,414, a jawo shi a hankali ya zama doguwar sanda, bisa dabarar da Jan Czochralski ɗan Folan ya gano a 1916. A yanka sandar faifai-faifai, mai faɗin milimita 300, kuma a kan kowane faifai ake zana ɗaruruwan ƙwaƙwalwar waya.

Abin da ake zanawa shi ne tiransisto, wato makunnin wuta da ba shi da maɓallin dannawa. Mai noman rani zai fi kowa saurin gane shi. Ƙarfe kamar hanyar ruwa ce da ba ta da matoshi, kullum ruwa na gudu. Farar wuta kamar kunya ce da ta tare ruwa gaba ɗaya. Silikon shi ne bakin fangali, inda manomi ke buɗewa ya rufe yadda ya ga dama. Kowace zarrar silikon tana da ilektiron huɗu a bayanta, duk a riƙe da na maƙwabta. Idan aka sa masa ɗan fosforas, mai ilektiron biyar, sai a sami rarar guda ɗaya mai yawo. Idan aka sa boron, mai uku, sai a sami gurbi da ke jiran mai cike shi. Abin da ake sawa bai taka kara ya karya ba, kan iya zama kamar ƙwayar gero ɗaya cikin miliyan. Inda ɓangaren fosforas ya haɗu da na boron, nan ƙofa take, kuma ɗan ƙaramin turin lantarki ya isa ya buɗe ta ko ya rufe ta. Buɗe da rufen nan su ne 1 da 0 da kowace manhaja ke gudana a kansu.

Tiransisto na farko an yi shi ne a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a watan Disamba 1947, kuma da jameniyom aka yi shi. Dalilai biyu suka sa silikon ya ƙwace fagen. Na ɗaya, jameniyom kan rikice tun zafi bai kai digiri 100 ba, silikon kuwa yana jurewa har wajen 150. Na biyu, idan silikon ya haɗu da oksijin, fatar gilashi ce siririya ke fitowa a kansa, ba ta narkewa a ruwa, ba ta barin wuta ta wuce, alhali ta jameniyom ruwa na wanke ta. Wani injiniya haifaffen Masar, Mohamed Atalla, shi ya nuna yadda za a ci moriyar wannan fata, kuma a 1959 shi da abokin aikinsa Dawon Kahng ɗan Koriya suka ƙera nau'in tiransiston da jikokinsa ke cikin kowace waya a yau. Ƙwaƙwalwar A17 Pro da Apple ya fitar a 2023 tana ɗauke da tiransisto biliyan 19 a fili kamar faɗin farce. Wayoyin Tecno, Infinix da itel da suka cika hannun matasan Zamfara ba su kai wannan adadi ba, amma tsarin aikin ɗaya ne.

Dalilin da waya ke nauyi a bazara

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Gusau kan kai digiri 40 a inuwa. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an tsara wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma sauran wayoyi ba su yi nisa da haka ba. Ke nan a tsakar ranar bazara, tun kafin a buɗe wasa ko bidiyo, waya ta riga ta tsallake iyakarta.

Nan halin ɗan ruwa-biyu ke fitowa fili. Idan ƙarfe ya yi zafi, wuta tana wahalar bi ta cikinsa. Silikon akasin haka yake: zafi yana kwance masa ƙarin ilektiron, sai ƙofofin da ya kamata su kasance a rufe su fara yoyo. Yoyon yana shan caji, yana kuma ƙara zafi, zafin ya ƙara yoyo. Don kada abin ya kai ga lalacewa, wayar da kanta take rage gudun ƙwaƙwalwa, ta dusashe hasken fuska, wani lokaci ta dakatar da caji ko ta rufe kyamara. Mai waya sai ya ɗauka kwayar cuta ce ta shiga, ya sauke manhajar da ke da'awar sanyaya waya. Babu manhajar da ke fitar da zafi daga cikin silikon; iyakarta ta rufe wasu ayyuka, ita ma kuma tana cin nata rabon. Abin da ke aiki shi ne inuwa, cire rigar roba mai kauri, da daina kallo ko wasa lokacin da ake caji. Sa waya a firji kuwa ganganci ne, domin raɓa kan taru a cikin injinta idan ta fito.

Farantin sola da ke kan rufin gidaje da shagunan caji daga Gusau har Tsafe shi ma silikon ne da aka sa wa boron da fosforas. Haske ne ke tunkuɗa ilektiron su tsallake ƙofa, su zama wuta. Lambar da aka rubuta a bayan faranti an auna ta ne yana digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan haka, yana rasa kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 na ƙarfinsa. Farantin da aka shimfiɗa a kan kwano kan kai digiri 60 da rana. Idan aka yi lissafi da kashi 0.4, faranti mai wat 300 zai sauko wajen wat 258, tun ba a sa ƙurar da ta rufe shi a lissafi ba. Saboda haka wanda ya ga solarsa ta yi rauni a Afrilu kada ya yi saurin cewa an sayar masa da jabu. A bar tazara tsakanin faranti da kwano iska ta riƙa ratsawa, a kuma wanke shi da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi.

Ƙurar hunturu ta fi makulli illa

Gilashin waya shi ma ɗan gidan silika ne, an dafa shi da wasu sinadarai. Irin Gorilla Glass na kamfanin Corning, wanda aka fara sa wa iPhone a 2007, ana tsoma shi cikin narkakken gishirin fotasiyom mai zafin kusan digiri 400 don fatarsa ta matse ta yi ƙarfi. Duk da haka bai bar halin gidansu ba. Jikin waya na alminiyom idan ya bugu sai ya lotsa. Gilashi ba ya lotsawa, sai dai ya tsage.

Akwai ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u ne a sama. Ƙa'idarsa ita ce, abu ba ya karce wanda ya fi shi tauri. Yawancin makullai da sulalla ba su wuce 3 zuwa 4 ba, wuƙar ƙarfe wajen 5 da rabi take. Gilashin waya yana fara karcewa a 6. Kwaz kuwa 7 ne. Ma'ana, ƙwayar yashi ɗaya a ƙasan aljihu ta fi tarin makullai haɗari. Hazon da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, yana ɗauke da garin silika, ga kuma ƙurar titi da babura ke tayarwa. Wanda ya goge fuskar waya da bakin riga a watan Janairu, tamkar ya bi ta da takardar goge katako ce. Zanen ba ya ganuwa ranar farko, amma kowane zane rauni ne, kuma daga nan tsaga ke farawa ranar da wayar ta faɗi.

Maganin ba shi da tsada. A fara hure ƙurar, sannan a goge da ƙyalle mai laushi mai ɗan danshi. Gilashin kariya da ake mannawa shi ma yana karcewa, amfaninsa shi ne ya karɓi raunin a madadin wanda ya fi shi tsada. Idan ƙura ta cushe ramin caji, a kashe wayar a yi amfani da tsinken sakace na itace. Allura ƙarfe ce, tana iya haɗa ƙafafun ramin wuta ta yi tsalle.

Abin da ke cikin batir ban da litiyom

Ana ce masa batirin litiyom, amma litiyom ɗin kaɗan ne a cikinsa. Ɓangaren da ke ajiye caji an yi shi da girafait, irin baƙin da ke cikin fensir. Girafait kabon ne zalla, kamar gawayi da lu'ulu'u, kuma shi ne ɗan gidan da ya saɓa wa 'yan'uwansa, domin wuta tana ratsa shi. Zarrarsa a jere take shafi-shafi kamar littafi, litiyom yana shiga tsakanin shafukan idan ana caji, ya fita idan ana amfani da waya. Hanyar da yake bi wani ruwa ne mai saurin kama wuta, wanda aka narkar da gishirin da ya ƙunshi fosforas da fulorin a cikinsa. Ɗaya ɓangaren kuma ƙarafa ne da aka ɗaure da oksijin.

Zafi da tsufa da caja marar kyau suna sa wannan ruwa ya fara ruɓewa, ya saki iska. Jakar batir a rufe take ruf, don haka sai ta kumbura. Wasu kan huda ta da allura iskar ta fita, su mayar da murfi. Wannan wasa ne da wuta. Huda na iya haɗa shafukan ciki, zafi ya tashi nan take, kuma da zarar ya kai wani matsayi, ɗaya ɓangaren yana sakin oksijin ɗinsa, wutar ta riƙa ciyar da kanta. Hayaƙin kuma yana ɗauke da haɗin fulorin da haidirojin, guba ce da ke cin gilashi, balle huhu. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa gaba ɗaya saboda batura da ke kamawa da wuta. Batirin da ya kumbura canji yake buƙata. Kafin a kai shi wurin mai gyara, a daina cajinsa, a ajiye shi a ƙasa nesa da katifa da labule.

Sababbin wayoyi masu batir 6,000 mAh zuwa sama ba tare da ƙarin kauri ba, da yawansu suna amfani da abin da ake tallatawa da sunan silikon-kabon. Silikon yana iya ɗaukar litiyom kusan ninki goma na abin da girafait mai nauyi ɗaya zai ɗauka, amma yana kumbura har wajen ninki uku yayin da yake ɗauka, ga shi mai saurin fashewa. Shi ya sa ake sa kaɗan a cikin kabon. Ƙarin caji ne na gaske, sai dai zafi yana cinsa kamar yadda yake cin tsohon samfurin. A batiran sola kuma, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4 ya fi jure zafi, saboda fosforas yana riƙe oksijin da ƙarfi, ba ya sakinsa da wuri.

Iska biyu da ba a gani a shagon caji

Inda wutar gari ba ta da tabbas, shagon caji ya zama wajibi, kuma mafi yawansu janareta ko batirin inbata ke riƙe da su. Idan fetur ya ƙone bai sami isasshen oksijin ba, abin da ke fitowa shi ne kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sama da sau 200. Alamarta ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya, abubuwan da ake saurin jingina wa zazzaɓi ko gajiya. Wanda ke barci ba ya jin ko ɗaya. Janareta a cikin kwantena, ko zaure, ko jikin taga, haɗari ne ko da ƙofa a buɗe take. Hukumomin lafiya suna ba da shawarar a nisanta shi da taga da ƙofa kamar mita 6. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi irin wannan iskar yake fitarwa.

Tsohon nau'in batirin inbata, mai ruwa, yana ɗauke da asid ɗin farar wuta, kuma akan haɗa dalmarsa da antimoni don ta yi ƙarfi. Idan ya cika aka ci gaba da ba shi wuta, yana raba ruwan cikinsa zuwa oksijin da haidirojin. Haidirojin ita ce iska mafi rashin nauyi, tana taruwa a saman ɗaki, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Ɗakin batir yana buƙatar mafitar iska ta sama, ba ya son ashana ko sigari. Idan ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa. Ruwan rijiya ko na leda yana ɗauke da gishirin da ke cin farantan ciki.

Idan waya ta mutu

Ƙarshen yawancin wayoyi da cajoji hannun 'yan gwangwan ne, kuma hanya mafi sauƙi ta fitar da jan ƙarfe daga cikin waya ita ce a cinna mata wuta. Robar da ake lulluɓe wayoyin wuta da ita, mai suna PVC, fiye da rabin nauyinta kulorin ne. Allon injin na'urori da dama an haɗa shi da buromin, wasu robobin da antimoni, don kada su yi saurin kamawa da wuta. Muddin suna ɗaure a cikin roba ba su da wata illa ga mai riƙe waya. Ƙonawa ce ke sako su: hayaƙi mai asid da ke ƙona ido da maƙogwaro, da gubar dayoksin da ke zama a ƙasa da jikin dabbobi shekara da shekaru.

Zamfara ta riga ta ga abin da ƙurar da aka raina ke iya yi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. Dalma ƙarfe ce, amma dutsen da zinaren yankin ke ɓoye a cikinsa sau da yawa kwaz ne, kuma garinsa idan aka daɗe ana shaƙa yana jawo ciwon huhu da ake kira silikosis, wanda ba a warkewa. Silikon ɗin da ke ƙwaƙwalwar waya ba ya cutar da kowa. Garin silika a huhu yana kisa. Sinadari ɗaya ne, yanayin da ya zo a ciki ne ya bambanta. Mataccen batir da tsohon allon waya sun fi dacewa a bar su wurin mai gyara da ke tara su, a kan a jefa su bola inda yara ke wasa ko inda ake ƙona shara.

Yashi a nan, masana'anta a can

Tunda silika ta cika ko'ina, mai karatu na iya tambayar abin da ya hana a ƙera ƙwaƙwalwar waya a Najeriya. Tsadar tana wurin tacewa da zanawa: wutar lantarki marar yankewa, ruwa mai tsarki, injuna na biliyoyin daloli, da ƙwararrun da suka shafe shekaru suna koyo. Shi ya sa aikin ya taru a hannu kaɗan. Mafi ingancin ƙwaƙwalwa kamfanin TSMC na Taiwan da Samsung na Koriya ta Kudu ke yin su. Tukunyar da ake narkar da silikon a ciki ana yin ta da kwaz mai tsarki na musamman, kuma wani ƙaramin gari, Spruce Pine a jihar North Carolina ta Amurka, shi ke samar da kaso mai yawa. Da guguwar Helene ta dakatar da ma'adinansa a Satumba 2024 sai da hankalin masana'antu ya tashi. Ƙasar Sin ta sa takunkumin fitar da galiyom da jameniyom daga 1 ga Agusta 2023, ta ƙara da antimoni a Satumba 2024. Galiyom da asenik ne ke cikin sashen da ke tura muryar mai waya zuwa turken sabis, jameniyom yana cikin zaren gilashin da ke ɗauko intanet, galiyom da naitirojin kuma su ne sirrin ƙananan cajojin nan masu rubutun GaN da ke ba da wuta mai yawa ba tare da zafi sosai ba. Ƙarancin ƙwaƙwalwar na'urori da duniya ta yi fama da shi daga 2020 zuwa 2022 ya nuna cewa tangarɗa a waɗannan wurare tana isa har kantin ƙarshe.

Mai waya a Gusau, Tsafe ko Bungudu ba shi da iko a kan Taiwan ko Sin, amma abin da ke aljihunsa yana hannunsa. Ya hana wayarsa rana da saman allon mota. Kada ya kwana da ita tana caji a ƙarƙashin filo. Ya hure ƙura kafin ya goge. Idan ta faɗa ruwa a damina, ya kashe ta ya kai wa mai gyara ya buɗe ya busar, domin gishirin cikin ruwa ne ke cin injin, kuma shinkafa ba ta cire shi. Batirin da ya kumbura a canza shi, janareta a fitar da shi waje, ɗakin inbata a buɗe masa taga ta sama. Wayar da aka kula da ita haka tana iya ƙara shekara ɗaya ko biyu kafin ta koma hannun 'yan gwangwan, kuma a farashin waya na yau wannan kuɗi ne da ake ji a jiki.